Wata bakwai ban taɓa zarto ba, ranar da na koma katako ya harbe ni

Wata bakwai cur ban buɗe ɗan ɗakin da nake aikin katako a ciki ba. Ba wai na daina son aikin bane, a'a, abubuwa ne suka taru suka yi min rubdugu lokaci ɗaya, mahaifina ya kwanta rashin lafiya kullum muna hanyar asibiti, ga wurin aiki ana ta rage mutane kowa zuciyarsa ɗar-ɗar, ga wasu 'yan matsalolin gida da ba sai na zayyana su a nan ba. Ni dama kafinta ba sana'ar da na dogara da ita bace, sha'awa ce kawai, amma na kai shekara goma sha huɗu ina yi, in na taso aiki ko ƙarshen mako sai in shige in haɗa ɗan tebur ko kujera ko akwati, abin da ya samu dai. Nan ne kaina yake hutawa. To da ƙura ta ɗan lafa sai zuciya ta ce min ai kai maganin damuwarka yana bayan ƙofar nan, ka je ka shaƙi ƙamshin katako zaka warware.

Zuciyar bata yi ƙarya ba, amma ta ɓoye min rabin zancen, rabin da ta ɓoye ɗin kuma saura ƙiris ya tafi da yatsuna.

Ga yadda akayi. Ranar tun biyar na asuba idona biyu, daren jiya kuma barcin da nayi bai wuce awa huɗu ba, da yamma aka kira ni a waya akan wata magana da ta ɓata min rai sosai, na ajiye wayar amma maganar bata ajiye ni ba, ina ta maimaita abin da aka ce da abin da ya kamata in ce amma ban ce ba. Wajen goma na dare na ce bari in je in yanka katako biyu uku ko na samu sauƙi. Na kunna fitila, na ɗauko wani dogon katako da na jingine tun kafin in rufe ɗakin, ko dubansa banyi ba, na kunna injin zarto na tebur na fara turawa. Ban kai rabi ba naji wani irin ƙara kamar an fasa bindiga, katakon ya dawo ya shafi ƙuguna ya wuce ya daki bango har ya ɓantare siminti, hannuna na dama kuma da yake turi nake yi sai ya tafi gaba shi kaɗai babu abin da zai tare shi. Da na duba inda ya tsaya, tsakaninsa da haƙoran zarton bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na kashe injin na zauna a ƙasa, wallahi na fi minti ashirin ƙafafuna suna rawa ban iya tashi ba.

Washegari da hankalina ya dawo na je nayi wa kaina bincike kamar ɗan sanda. Abu na farko, wannan siririn ƙarfen da yake tsaye a bayan faifan zarto, wanda aikinsa ya hana tsagar katakon rufewa ta matse faifan, babu shi a wurin, ni da kaina na cire shi wata bakwai baya saboda wani yanka na musamman na ce gobe zan mayar, goben bata zo ba. Na biyu, katakon ya sha zama a jingine ya kantare, katako kuwa ko an sare shi bai daina motsi ba, yana shan damshin iska yana fitarwa, yana kumbura yana tsukewa. Kantararren katako baya kwanciya sosai a jikin ƙarfen jagora, wato dogon ƙarfen da katako yake bi a gefen faifan don yankan ya miƙe, da ya ɗan karkace sai ya taɓa haƙoran baya, su kuma haƙoran baya sama suke tasowa suna nufo ka, sai su ɗaga shi su cilla maka. Na uku na tsaya saitin faifan daidai, abin da ko ɗan koyo an hana shi. Na huɗu sandar turi tana rataye a ƙusa, miƙa hannu kawai zanyi in ɗauko, ban ɗauko ba.

Duk abu huɗun nan na san su kamar yunwar cikina. Da wani na gani zai yi haka da na daka masa tsawa. Wannan shine abin da ya fi tsorata ni, ba jahilci ne ya kusa cin hannuna ba, jikina ne kawai yake ɗakin, ni ina can ina rigima da mutumin da muka yi waya. Hausawa sun ce ruwa gwani yake ci, da ban gane zancen sosai ba sai ranar, hannu ya saba har ya iya aikin ba tare da kai ba, shi yasa yake iya kai ka wurin da ɗan koyo mai tsoro ba zai taɓa zuwa ba.

Daga baya na zauna nayi lissafi da biro don in tsorata kaina da kyau. Faifan zarto mai inci 10 yana juyawa kusan sau 4,000 a minti ɗaya, wato kusan sau 67 a sakan, bakin haƙoransa kuma yana gudun da ya kai wajen kilomita 190 a awa. In faifan mai haƙora 40 ne, a sakan ɗaya haƙora sama da 2,600 ne suke wucewa. Shi kuma ɗan adam lafiyayye wanda ya ƙoshi da barci, daga ya ga abu zuwa ya janye hannu yana cin kusan rubu'in sakan, kafin nan haƙora sama da 600 sun wuce. To kaga zancen wai ai zan janye hannuna da sauri tatsuniya ce, babu wanda ya isa ya riga injin nan, duk wata kariya sai dai wadda ka tanada kafin ka danna makunni, kuma tanadin nan shine abu na farko da damuwa take sace maka.

Don damuwa ba a zuciya kaɗai take tsayawa ba. In rai ya ɓaci ko tsoro ya kama ka jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, hannu ya ɗan riƙa rawa, hankali kuma ya tsuke ya koma kan abu ɗaya tak, sauran duk ka daina ganinsu ko da suna gabanka. In abu ɗayan nan layin fensir ne to da sauƙi, amma ni nawa abu ɗayan yana can wani wuri daban. Ga kuma rashin barci da yake tafiya tare da damuwa kamar Hassan da Hussaini. Akwai binciken da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1997, ya nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu aikin hannunsa da idonsa yana lalacewa daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wanda shine iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa direba. Daga biyar na asuba zuwa goma na dare awa nawa ne? Goma sha bakwai cif. Ni da ko warin barasa bana so, ashe a ma'aunin nan kamar mashayi na tsaya gaban injin.

Sati biyu ban sake shiga ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Har na fara tunanin in sayar da kayan in huta. Sai na je gaida tsohon da ya koya min aiki tun farko, na bashi labari ina jiran faɗa, bai yi faɗan ba, yayi shiru can ya ce, ɗana, waye ya ce maka shiga ɗakin aiki dole sai an kunna inji? Na ce Baba to me zan yi a ciki. Ya ce ka ɗauki tsintsiya.

Dariya nayi amma na bi maganarsa. Kwana uku na farko shara kawai nayi da jera kaya. Na kwashe guntayen katako da suka cika ƙasa, na naɗe wayoyin wuta da suke kwance a hanya, na goge tsatsar da ta hau saman teburin injin da ɗan mai da sanfefa mai laushi, filoginsa a cire yana rataye inda idona yake ganinsa. Na mayar da wannan ƙarfen na bayan faifai na ɗaure shi tam, na duba ƙarfen jagora ko yana layi ɗaya da faifan, ashe ma ya ɗan goce. Na bi katakan da suka daɗe ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su ina kallon tsawonsu da ido ɗaya, masu kantara na ware gefe. Abin mamaki irin natsuwar da nake nema ranar da na kusa rasa yatsu, a sharar nan na fara samunta, ashe ba ƙarar inji nake kewa ba, so nake hannuna ya samu abin yi wanda yake da farko yake da ƙarshe, saɓanin matsalolina da basu da ko ɗaya.

Daga shara na koma washi. In kana cikin irin halin nan ni dai ban san aikin da ya kai washi daɗi ba, ka zauna da dutsen washi da ɗan ruwa ko mai, ka kwantar da bakin cizal a kusurwarsa, wajen digiri 25 zuwa 30, ka tafi ka dawo ka tafi ka dawo, kana jin sautin yana canzawa, numfashinka da kansa zai bi tafiyar hannun. Kuma yana gaya maka gaskiya, in hankalinka ya tafi yawo kusurwar zata karkace kaga bakin ya fito a gicciye, asarar dai minti goma ce ba yatsa ba. Har yanzu shi na mayar abin gwajin kaina, in na kasa wasa cizal ɗaya daidai to ranar babu ni babu makunni.

Amma kar wani ya ɗauka kayan hannu basa ciwo. Cizal ma yana yawan yanka mutane ƙananan yanka, musamman dakusasshe, don shi dakusasshe sai ka danna da ƙarfi, in ya kufce duk ƙarfin nan da shi zai tafi ya shige duk abin da ya tarar, yawanci tafin ɗaya hannun da ka riƙe katakon da shi. Dokar tsohuwa ce, a ɗaure katako a jikin benci da abin matsi, hannu biyu duk su kasance a bayan kaifi, kar ka taɓa turo shi wajen jikinka, in kuma ya suɓuce zai faɗi ƙasa ka barshi ya faɗi ka janye ƙafa, kar ka ce zaka cafe. Bambancin kawai shine kayan hannu da saurinka suke tafiya, ka tsaya su tsaya. Inji kuwa babu ruwansa da ka tsaya.

Sai da nayi kusan wata ɗaya a haka, zarton hannu, cizal, abin fere katako, sanfefa, ina haɗa wani ƙaramin akwati da ba wanda ya sa ni ba wanda yake jira. Wannan ma da gangan ne. Akwai wani tebur da nayi wa wani alƙawari tun kafin abubuwa su rikice, na kira shi na ce Yaya kayi haƙuri ba yanzu ba, in kana sauri ka bai wa wani, kunya ta kama ni amma na faɗa. Mutum yana cikin matsi ya ƙara ɗora wa kansa wa'adi a wurin da ya zo hutawa, ai ya mayar da maganin cuta kenan, kuma sauri shi yake haifar da wannan muguwar kalma ta bari in ƙarasa wannan yankan ɗaya kawai.

Ranar da zan sake kunna injin sai na aro dabarar matuƙa jirgin sama. Su a horon da hukumar jiragen sama ta Amurka take bayarwa, bayan duba jirgi matuƙi yana duba kansa ma, ko bashi da lafiya, ko ya sha magani, ko yana cikin damuwa, ko ya sha barasa, ko ya gaji, da kuma halin da zuciyarsa take ciki. Na rubuta nawa da babban rubutu na manna a saitin makunnin, awa nawa nayi barci, na sha wani magani yau, raina a ɓace yake, me yasa nake son yin yankan nan yanzu-yanzu. Maganar magani kar a raina ta, yawancin masu damuwa suna shan wani abu don barci, har irin su Piriton na mura suna sa gyangyaɗi, wasu kuma sai washegari basu gama sakin mutum ba, in an rubuta a takardar maganin kar a tuƙa mota to zarto ma yana ciki. Tambayar ƙarshe ita ce ta fi kama ni, sau da yawa amsar ita ce don in huce haushi, in na ji haka a raina sai in koma kan sanfefa, ita kam ko ka huce a kanta babu abin da zata yi maka.

In na ci jarrabawar sai in bi a hankali kamar baƙo. Waya a waje, ba a aljihu tana girgiza ba, don saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke ni daga ɗakin. Hannun riga a naɗe, babu zobe babu agogo, babu safar hannu kusa da duk abin da yake juyawa don in haƙori ya kama zaren safar da hannun zai ja gaba ɗaya. Faifan in ɗaga shi ya ɗan leƙo saman katakon kaɗan kawai. Kafin in kunna sai in yi yankan a iska tukuna, in ga ina hannun dama zai bi, ina na hagu zai tsaya, ina katakon zai sauka, har da baki nake faɗa kamar mai sambatu, iyalina sun ji ni sau ɗaya suka ɗauka waya nake. In tsaya a gefe, sandar turi a hannu tun kafin a fara ba sai an kai tsakiya a fara lalube ba. In an gama in kashe in jira faifan ya tsaya cak kafin in kai hannu in ɗauke guntu. Yanka biyar ko shida in fita in sha iska. Kuma na daina shiga da inji in babu kowa a gida ko kuwa dare yayi.

Wani abokina da yaji labarin cewa yayi in sayi SawStop in huta, wato injin nan da wani Ba'amurke Steve Gass ya ƙirƙiro dabararsa a 1999, wanda yake gane fatar mutum ta hanyar wani ɗan siginar lantarki da ke jikin faifan, da ta taɓa sai birkin alminiyom ya daki haƙoran, faifan ya tsaya ya nutse ƙasa cikin kashi 5 cikin 1,000 na sakan. Abu ne mai kyau ƙwarai, mai hali ya saya, ya ceci yatsu da yawa. Sai dai birkin nan ba zai hana katako ya harbo ka a ciki ba, kuma sauran injinan ɗakin basu da shi, kan da ya tafi yawo a gaban zarto zai tafi yawo a gaban injin fere ma.

Akwai kuma abubuwan da basa zubar da jini shi yasa mai damuwa yake fara watsar da su, ka ce yau dai ba zan iya da takunkumin ƙurar nan ba. Ƙurar katako tun 1995 IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken cutar daji, ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta hanci. Ƙarar inji kuma, hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata iyakar da ta bayar ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8, duk ƙarin 3 lokacin ya ragu da rabi, in an kai 100 minti 15 kenan, injinan katako da yawa kuwa suna kaiwa wajen nan. Ni ma na lura in na toshe kunne jikina baya ɗaurewa kamar da, ƙarar kanta ashe tana ƙara min tashin hankali ban sani ba. Sai tsumman da aka shafa wa katako man linsid da shi, wannan man in yana bushewa zafi yake fitarwa, in ka dunƙule tsumman ka jefa a kwando zai iya kama wuta da kansa cikin dare kana barci. Gobarar One Meridian Plaza a Filadelfiya a watan Fabrairu 1991, bene mai hawa 38, irin tsummokaran nan ne suka tashe ta, 'yan kwana-kwana uku suka mutu a ciki. Mutumin da kansa ya cika shi ne daidai wanda zai manta tsumma, shi yasa na ajiye gwangwanin ƙarfe mai ruwa a bakin ƙofa, ba zan iya fita ban tsallake shi ba. Kusa da shi akwai akwatin bandeji da auduga a inda hannu ɗaya zai iya buɗewa, Allah ya sa kar a buƙace shi.

Wasu zasu ce tsautsayi baya wuce ranarsa, haka ne, amma ƙarfen nan na bayan faifai ba tsautsayi ne ya kwance shi ba, ni ne da sifana a hannuna. Sannan gaskiya guda, ɗakin katako yana rage min nauyi amma bai biya min ko ɗaya daga cikin matsalolin ba, rashin barcin sai da na je na ga likita muka yi magana, sauran kuma sai da na buɗe baki na gaya wa 'yan'uwana cewa abin ya fi ƙarfina ni kaɗai aka raba ɗawainiyar. Da na ci gaba da kai wa zarto ƙarar abin da ya kamata in kai wa mutane ban san inda zamu ƙare ba.

Wurin da katakon ya ɓantare a bango ban shafe shi ba, na zagaye shi da jan fensir na rubuta kwanan wata a ƙasa. Akwatin nan kuma har yau ba murfi, jiya na shiga da niyyar yanka shi, na tsaya gaban takardar na karanta, tambaya ta farko ma na faɗi don barcin awa biyar nayi, sai na ɗauko sanfefa mai lamba 220 na goge gefunan har hannuna ya daina jin gargada. Katakon murfin yana nan kwance a kan benci da layin fensir a jikinsa, in nayi barci mai kyau daren yau gobe da hantsi zan yanka.